Tafiya Laval, inda masana'antu ke gwada tabaran VR da AR

Daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle hanyar Laval ba ta da wuyar ganewa. Mutum zai shiga jirgin ƙasa na RER B ya sauka a Denfert-Rochereau, ya kama layi na 4 ko na 6 na ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Montparnasse, daga nan sai jirgi mai gudu na TGV da ya nufi Rennes. Nisan ya kusa kilomita 300 yamma da Paris, amma tun da aka buɗe sabon layin dogo a 2017 tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya da rabi ba. A duba tikiti da kyau, domin ba kowane jirgin Rennes ne ke tsayawa a Laval ba.

Garin ƙarami ne, mazaunansa wajen dubu 50, kogin Mayenne ya ratsa shi, tsohuwar fada tana kan tudu tana kallon ruwa. An san shi da sana'ar madara, nan ne hedikwatar kamfanin Lactalis. Amma tun 1999, zamanin da François d'Aubert yake magajin gari, ake yin baje kolin fasahar VR da AR mai suna Laval Virtual a duk shekara, galibi cikin watan Afrilu, kuma a 'yan shekarun nan ana yin sa ne a babban zauren Espace Mayenne. Otal-otal ɗin garin ba su da yawa, suna cika tun da wuri. Wanda ya makara sai ya kwana a Rennes ko Le Mans ya riƙa shigowa da jirgi da safe. Afrilun can akwai sanyi da yayyafi, rigar sanyi dole ce.

Da na shiga zauren, abin da na fara lura da shi shi ne wasannin yara ba su ne suka cinye wurin ba. Rumfunan da aka fi yi wa layi na masu horar da ma'aikata ne, da masu kayan asibiti, da masu gyaran injuna. Na'urorin kuma iri biyu ne a aikace. Akwai tabarau mai rufe ido gaba ɗaya ya sa mutum cikin wurin da kwamfuta ta zana, shi ne VR. Akwai kuma wanda yake barin ka ga ɗakin da kake ciki, ya ɗora rubutu ko zane a kan abin da ke gabanka, shi ne AR. Na biyun bai tsaya ga tabarau ba: waya, da kwamfutar hannu, da fitilar da ke haska zane a kan teburin aiki duk suna yin sa, kuma a masana'antu sau da yawa su ne suka fi amfani.

Inda na fi daɗewa rumfar koyon walda ce, kuma ina ganin nan ne fasahar ta fi nuna amfaninta a fili. Tsarin irin na Soldamatic, na kamfanin Seabery da ke Sifen, haka yake: garkuwar fuska irin ta mai walda amma da kyamarori a waje da allo a ciki, mariƙin sandar walda na gaske, sai guntayen roba masu siffar faranti ko bututu da aka buga wa alamomi a jiki. Kyamara tana karanta alamomin, kwamfuta ta mai da robar ƙarfe a idonka. Ka kusanta sanda, wuta ta kama, ɗinki ya fara fitowa. A wasu samfuran sandar tana janyewa da kanta a hankali, don hannu ya saba bin ta kamar yadda ta gaske ke cinyewa.

Abubuwa huɗu injin yake aunawa a kowane lokaci: kusurwar sanda tsakanin ƙarafan biyu, karkacewarta wajen da ake tafiya, saurin hannu, da tazarar bakin sanda da ƙarfe. A haɗin da ƙarfe ɗaya ya tsaya a kan wani, ana son sanda ta raba kusurwar biyu, wato digiri 45, ta karkata wajen tafiya da digiri 5 zuwa 15, tazarar wuta kuma ta yi daidai da kaurin ƙarfen cikin sandar. Sanda mai milimita 3.2 ke nan tazararta wajen milimita 3. In tazara ta yi yawa, tartsatsi ya watsu, ɗinki ya yi ƙananan ramuka. In hannu ya yi sauri, ɗinki ya fito siriri, gefensa ya zaizaye. In ya yi nawa, ƙarfe ya taru, ko faranti mara kauri ya huje. In kusurwa ta kauce, ɓawon da ya kamata ya taso sama ya maƙale a cikin ɗinkin. Duk mai walda ya san waɗannan, amma maigida ba ya iya ganin su huɗun a lokaci guda ta cikin baƙin gilashi yayin da yaro ke aiki. Injin yana gani, yana kuma ajiye zanen kowane gwaji, a koma a nuna wa yaron daidai inda hannunsa ya fara rawa. Ba a ƙona sanda, ba a ɓata ƙarfe, ba a sha hayaƙi, ba kuma ciwon idon da ke hana sabon shiga barci.

Abin da ba ya koyarwa ma yana da yawa, kuma wanda zai saya ya sani tun farko. Babu zafi, babu nauyin safar hannu da ta jiƙe da gumi, babu sandar da ta manne da ƙarfe sai an murɗa. Ba ya koyar da kankare tsatsa da fenti kafin a fara, ba ya kuma nuna yadda wuta ke sauka in janareta ya ja numfashi, alhali da irin wannan wutar yawancin masu waldarmu suke aiki. Wurinsa makonnin farko ne, lokacin da ake gina hannu. Makarantar da ta sayi wannan ta rage injunan gaske ta cuci ɗalibanta.

Daga nan na wuce ɓangaren jiragen sama da motoci. Tarihin AR a masana'anta daga jirgin sama ya faro: a farkon shekarun 1990 Tom Caudell da David Mizell na kamfanin Boeing suka nemi hanyar nuna wa masu haɗa damin wayoyin jirgi inda kowace waya za ta bi, ba tare da sun koma ga takarda ba. Misalin da aka fi ambata a Faransa na Airbus ne. A jikin jirginsa na A380 akwai ƙananan ƙarafa dubu 60 zuwa dubu 80 da ake maƙala wayoyi da bututai a kansu, kuma dole a tabbatar kowanne yana nan, yana kuma fuskantar inda ya dace. Da kwamfutar hannu mai ɗora zanen injiniya a kan hoton kyamara, kamfanin ya ce binciken ya sauko daga mako uku zuwa kwana uku. Babu tabarau a cikin wannan lissafin. Aiki ne guda ɗaya, mai maimaituwa, wanda kuskure a cikinsa yake da tsada, kuma duk inda na ga fasahar ta zauna da gindinta haka aikin yake.

Masu ƙera motoci kuma suna amfani da ɗaki mai bango na allo, wanda ake kira CAVE, da aka fara ginawa a Jami'ar Illinois da ke Chicago a 1992. Injiniya ya zauna a kujerar mota ta gaske a tsakiyar ɗakin, ya duba ko ginshiƙin gefen gilashi yana tare masa ganin mai tafiya a ƙasa, ko hannunsa na kaiwa ga maɓalli, tun kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Wahalar da ba a nunawa a rumfa ita ce ta shirya zanen. Zanen injiniya da aka yi da manhaja irin su CATIA ba a yi shi don tabarau ba. Tabarau yana gina komai ne da ƙananan alwatika, kuma injin guda ɗaya in aka juyo shi yadda yake zai iya kai alwatika miliyan goma-goma, alhali tabarau mara waya yana fara haki ne tun a wajen miliyan ɗaya. Lissafin lokacin ma a takure yake: in ana son hotuna 90 a daƙiƙa, kwamfuta na da milisakan 11 kacal ta zana kowanne, kuma ido biyu take zana wa. Don haka sai an bi matakai. A fitar da zanen, a cire duk abin da ido ba zai gani ba, irin su zaren noti da kayan cikin akwati rufaffe. A rage alwatikan da suka rage, a haɗe sassan da ba sa motsi su zama ɗaya, a yi wa manyan sassa kwafi mara nauyi da za a nuna in mutum yana nesa. Kurakurai biyu ne suke yawan fitowa a wannan gaɓar. Injiniya yana auna da milimita, manhajar Unity da ake gina darasin tabarau da ita tana ɗaukar mita, sai inji ya fito ya ninka girmansa sau dubu. Sannan manhajojin ba su yarda da juna a kan wane layi ne sama ba, sai ka ga inji a kwance a gefensa. Waɗannan gyaransu minti kaɗan ne. Wanda ya fi haɗari shi ne injiniyoyi su canza wani sashe bayan wata shida, ba wanda ya sabunta na cikin tabarau, a ci gaba da koya wa ma'aikata kwance abin da babu shi.

Laval tana alfahari da Ambroise Paré, likitan fiɗa na ƙarni na 16 da aka haifa a gefen garin, kuma ɓangaren lafiya a baje kolin ba ƙarami ba ne. A watan Yunin 2020 likitoci a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka ɗaura wa wani mara lafiya kusoshi shida a ƙashin baya suna sanye da tabaran kamfanin Augmedics. Yadda abin yake aiki: a ɗauki hoton CT, a danne wata alama da matsi a jikin ƙashin, kyamarar da ke kan tabarau ta riƙa bin alamar da kayan aikin da ke hannun likita, sai ya ga hanyar da kusa za ta bi a kan bayan mara lafiyan, ba sai ya waiwaya ga allo a gefe ba. Duk amincin tsarin yana rataye ne a kan wannan alamar. In hannu ya buge ta ta gusa ko kaɗan, hoto zai ci gaba da nuna komai daidai alhali ya kauce daga ƙashin, shi ya sa ake taɓa wani wuri sananne a ƙashi lokaci-lokaci a ga ko hoto ya yarda.

Na'urar da na fi so asibitocinmu su samu ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Ita ce fitilar neman jijiya irin ta AccuVein. Tana haska fata da hasken da ido ba ya gani, jini ya shanye hasken fiye da naman da ke kewaye, sai ta zana taswirar jijiyoyin a kan fatar kanta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake neman jijiyar jariri, ko ta mai sikila da aka sha yi wa ƙarin ruwa da jini, ya san darajar wannan. Tana nuna inda jijiya take, amma ba ta faɗin zurfinta, saboda haka yatsan ma'aikaciyar jinya yana nan da aikinsa. A ɓangaren VR kuma, a Nuwamban 2021 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da wani shiri na zama 56 cikin mako takwas don masu daɗaɗɗen ciwon baya, inda ake koya musu numfashi da kawar da hankali daga ciwon.

Masu sito da manyan shaguna labarinsu gajere ne. Walmart ya raba tabarau dubu 17 a shagunansa a 2018 don horar da ma'aikata. DHL ya gwada tabarau mai nuna wa mai ɗauko kaya lambar kanta da adadin da zai ɗauka, ya sami ƙarin sauri kashi 25 cikin ɗari a gwajin farko a Holan, daga baya da aka faɗaɗa abin ya tsaya a wajen kashi 15. Lambar ta biyun ita ce ta yin lissafi da ita.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne gyara daga nesa. Makaniki yana gaban injin da ya tsaya, a kansa akwai na'ura irin ta RealWear mai kyamara da ɗan allo a ƙasan ido, ana ba ta umarni da murya don hannu biyu su zauna a kan aiki. Ƙwararre a wata ƙasa yana ganin abin da yake gani, ya zagaye notin da yake nufi da jan layi. Ga masana'antar da injinta ya zo daga Jamus ko Chana, wannan na iya maye gurbin jiran biza da tikitin injiniya. Abin da ke kashe shi intanet ne, kuma saurin turawa ake dubawa ba na saukewa ba, domin bidiyon daga wurin makanikin yake fita. Cikin ginin ƙarfe ko ƙarƙashin ƙasa sigina takan mutu daidai inda injin yake. A matatar mai ko wurin iskar gas kuma ba a shiga da kowace irin na'ura, sai wadda ke da shaidar ba ta haifar da tartsatsi, wadda a Turai ake kira ATEX.

Magina suna ɗora zanen bututai da wayoyi a kan ginin da ake yi don a ga karo kafin a zuba kankare. Matsalarsu ita ce tabarau yana gane inda yake ne ta hanyar kallon bango da ƙasa da kyamarorinsa. Farin bango mara tabo, da gilashi, da madubi, da duhu duk suna rikita shi, kuma in aka yi tafiya mai tsawo a cikin gini zanen yakan zame da 'yan santimita. Maganin shi ne a manna alamomin da safiyo ya auna a wurare da dama, a riƙa sake daidaitawa da su. Da rana tsaka a waje kuma zanen dusashewa yake, saboda tabarau mai gilashi fili haske yake ƙarawa a kan abin da ake gani, ba zai iya rinjayar rana ba, ba kuma zai iya zana baƙi ba.

Sai maganar jiri da tashin zuciya, wadda masu sayarwa suke saurin wucewa. Hukumar ANSES mai kula da lafiyar abinci, muhalli da wurin aiki a Faransa ta fitar da rahoto a 2021 da ya ce abin yana samun kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu amfani da VR. Sanadin shi ne saɓani: ido yana cewa ana tafiya, ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne yana cewa ana zaune. Juyin abin da ke samun mai karatu a waya cikin motar haya ne, inda kunne ke jin motsi ido bai gani ba. Abubuwan da ke ƙara shi sanannu ne. In hoto ya makara wajen bin juyawar kai da fiye da milisakan 20, jiki yana ji. In tazarar gilasan ba ta dace da tazarar ƙwayar idon mutum ba, wadda matsakaicinta wajen milimita 63 ne amma ta bambanta sosai, kai zai yi ciwo. Gyara wannan 'yan daƙiƙu yake ɗauka, amma a rumfuna da yawa na ga ana ɗora tabarau daga kai zuwa kai ba a taɓa shi ba. Tafiya a cikin hoton ta hanyar tura 'yar sandar da ake juyawa da yatsa tana tayar da zuciya fiye da tsalle daga wuri zuwa wuri. Akwai kuma gajiyar ido: gilashin yana tsayar da nisan gani a wajen mita ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka abin da aka zana dab da hanci yana tilasta wa ido yin abu biyu masu karo da juna. Shawarar ANSES ita ce a tsaya da zarar an ji alama, a huta sa'a ɗaya zuwa biyu kafin a tuƙa mota, masu farfaɗiya da mata masu ciki da masu ciwon ɓarin kai kuma su yi hattara. Kamfanin da ya horar da direban motar ɗaga kaya da VR da safe, ya ɗora shi kan ta gaske nan take, ya saɓa wa wannan. A ganina zaman farko kada ya wuce minti 15 zuwa 20.

Wanda zai kawo waɗannan kaya gida ya sa wasu abubuwa a lissafi. Tabaran Meta Quest 3 nauyinsa giram 515 ne, batirinsa wajen sa'a biyu, saboda haka ajin yini guda yana buƙatar tabarau na canji ko batir na ƙari. Kowane mai koyo yana son fili mita biyu a kan biyu ba kujera ba tebur. Gilasan cikin tabarau suna tara hasken rana, in aka ajiye shi yana kallon taga cikin ƙanƙanin lokaci allon zai ƙone, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. Ba a goge gilasan da sinadarin barasa, sai da busasshen ƙyalle mai laushi. Soson da ke taɓa fuska yana shan gumi, a musanya shi da na roba da ake gogewa tsakanin mutum da mutum, musamman lokacin da ciwon ido ke yawo. Ƙurar hunturu in ta hau kyamarorin waje tabarau sai ya ɓata hanya, a ɗakin da ya yi zafi kuma yakan rage ƙarfin kansa don kada ya ƙone, hoto ya fara tsinkewa, jiri ya biyo baya.

Hirar da na fi ji ana yi a wajen shan kofi ita ce ta na'urorin da aka daina yi. Google ya tsayar da sayar da tabaransa na Glass na masana'antu a Maris 2023. Microsoft ya daina ƙera HoloLens 2 a Oktoban 2024, na'urar da aka riƙa sayarwa dala 3,500 kuma kamfanoni da yawa suka gina shirye-shiryensu a kanta, ya ce tallafin manhajarta zai ƙare a ƙarshen 2027. Kuɗin da aka zuba wajen shirya darussa ya fi na tabaran yawa, kuma shi ne ke salwanta in darasin ba ya aiki sai a na'ura ɗaya. Saboda haka kafin a sa hannu a kwangila a tambayi mai aikin ko ya gina shi a kan ƙa'idar OpenXR, wadda ƙungiyar Khronos ta fitar a 2019 don manhaja ɗaya ta yi aiki a tabarau iri-iri. A tambaye shi ko darasin zai buɗe babu intanet, ko kuma lasisinsa sai ya leƙa uwar garke kowace safiya. A kuma rubuta a takarda cewa ainihin fayilolin aikin, da zanen da aka rage, da muryoyin da aka naɗa, mallakar mai saye ne, za a miƙa masa su ranar da aka biya kuɗin ƙarshe.